Daga Tabla: kuɗin lanho da bashin da mai biya ke bin hukuma

Wanda ya tashi daga Yamai ya kama hanyar Filinge, bayan ya wuce Baleyara zai iske kansa cikin kwarin Dallol Boso, inda ruwa ba ya da nisa ƙarƙashin ƙasa, inda ake noman hatsi da damina, a koma lambu da rani. A nan garin Tabla yake, cikin ƙasar Tagazar. Daga nan hanya ta miƙe arewa, ta ratsa Bonkuku ta ƙasar Imanan, wadda ta yi suna wajen noman dankalin turawa, kana ta isa Filinge, babban garin Kurfai, kimanin kilomita 180 daga Yamai. Buzaye da Zabarmawa da Hausawa da Fulani ke zaune a wannan yanki. Kasuwa ɗaya suke ci, kuma takardar haraji iri ɗaya ce ake miƙa musu kowace shekara.

Galibin mutanen Tabla ba su taɓa taka ƙofar majalisar dokoki ba, amma abin da aka rubuta a Yamai yana iske su har cikin gida. Doka ce ke faɗin nawa magidanci zai biya bisa kowane kai na gidansa. Doka ce ta hana samari hawa moto lokacin da tsaro ya taɓarɓare, ita ce kuma ta ce a duba ƙaramin yaro kyauta a gidan likita. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawun ƴar takardar nan da ake kira resi, wadda ake ba wanda ya biya lanho, mu ga daga ina ta fito, mu kuma ga abin da mai riƙe da ita yake bin hukuma. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Lanho a zamanin da

Tsofaffin Kurfai da Tagazar ba su tuna lanho da alheri, kuma suna da hujja. Tun farkon ƙarni na 20, da Nasara suka kafa mulkinsu a wannan ƙasa, suka aza haraji bisa kan mutum da kuma bisa dabba. Kwamanda ke faɗin adadi, sarki ya raba shi ga masu gari, su kuma su bi gida gida. Ba a tambayi talaka ra'ayinsa ba, ba a kuma gaya masa inda kuɗin za su ba. Bayan haraji ga aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946. A shekarar 1931, bayan fara ta cinye amfanin gona, yunwa mai tsanani ta faɗa wa yammacin Nijar, amma ba a daina karɓar lanho ba. Mutane da yawa sun mutu, wasu kuma suka bar garuruwansu suka nufi kudu.

Bayan samun mulkin kai a 1960, ƴan ƙasa ne suka zauna majalisa ƙarƙashin jagorancin Bubu Hama, su ne kuma ke amincewa da haraji kowace shekara. A 1964 aka sake tsarin mulkin ƙasa, Filinge ta zama arondisma, Tabla tana cikinta. Duk da haka lanho bai yi sauƙi ga manomi ba. Lokacin karɓarsa yakan zo daidai da kaka, sai magidanci ya kai hatsinsa kasuwa sa'ad da ya fi araha, ya koma ya saye shi da tsada in bazara ta yi. Da fari na 1973 ya zo, dabbobi suka halaka, rumbuna suka zama wayam, sai nauyin ya fi ƙarfin jama'a. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Seyni Kunce, haifaffen Fandu ta ƙasar Tondikandiya, maƙwabciyar Tagazar, aka kuma rufe majalisa har zuwa 1989. Cikin waɗannan shekaru na 1970, da kuɗin uraniyum na Arlit suka ƙaru, aka ɗauke wa talaka babban harajin kai da gwamnati ke karɓa, aka ɗauke jangali. Abin da ya rage shi ne ƙaramin harajin arondisma, wanda daga baya ya koma harajin komin.

Wa ke yanke haraji?

Tsarin mulkin 2010, kamar waɗanda suka gabace shi tun 1992, ya ɗora wa majalisar dokoki ayyuka guda uku: ta yi doka, ta amince da haraji, ta kuma sa ido bisa aikin gwamnati. Ma'anar wannan ita ce ba mai ikon karɓar ko dala ɗaya daga hannun ɗan ƙasa sai wakilansa sun yarda. Kafin a rushe majalisa a 2023, wajen watan Oktoba ake buɗe zaman kasafin kuɗi. Ministan kuɗi ya kawo lissafin abin da ake sa ran samu da abin da za a kashe, kwamitoci su duba shi sashe sashe, a kira ministoci su yi bayani, a ƙarshe a kaɗa ƙuri'a.

Kada mai karatu ya zaci lanho kaɗai ne harajin da mutumin karkara ke biya. Akwai wanda ba ya gani da ido, domin yana ɓoye cikin farashin kaya. Harajin da ake kira TVA, kashi 19 cikin 100, yana bisa kaya da yawa da ake saye a kanti, haka kuma kuɗin duwan bisa abin da aka shigo da shi daga waje. Saboda haka matar da ta sayi turmin atamfa a kasuwar Baleyara ta zuba wani abu cikin baitulmali, ko da ba wanda ya ba ta takarda.

An ga muhimmancin wannan aiki na majalisa a ƙarshen 2017, lokacin da aka kawo dokar kuɗi ta 2018, wadda ta zo da sababbin haraji, ciki har da na gidan zama. Ƙungiyoyin farar hula suka fito zanga-zanga a Yamai da wasu birane watanni da dama, suna cewa an ɗora wa talaka kayan da ba zai iya ɗauka ba. Majalisa ta amince da dokar duk da haka, kuma a watan Maris 2018 aka kama wasu shugabannin ƙungiyoyin. Ko mutum yana bayan gwamnatin wancan lokaci ko yana adawa da ita, abin da ya fito fili shi ne jama'a sun gane cewa dokar kuɗi ba maganar ma'aikatan ofis kaɗai ba ce.

Lissafin komin

Ran 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a faɗin ƙasa, aka kafa komin 265. Tagazar ta samu majalisarta da magajin garinta, da mazauni a Baleyara. A 2010 aka tattara dokokin ƙananan hukumomi cikin kundi guda. A 2011 kuma aka ɗaga Baleyara da Abala suka zama gundumomi masu zaman kansu, Filinge ta rage da komin huɗu: Filinge, Imanan, Kurfai ta Tsakiya da Tondikandiya. Tun daga lokacin Tabla tana ƙarƙashin Baleyara wajen mulki, ko da yake zumunci da fatauci sun ci gaba da haɗa ta da Kurfai.

Bari mu yi lissafi irin na ɗan makaranta. Shekaru da yawa, a galibin karkara, harajin komin tamma 700 ne bisa kowane baligi, watau dala 140, ban da yara da tsofaffi da naƙasassu. Gida mai mutum 5 masu biya zai ba da jika 3 da rabi. Ga magidancin da damina ba ta yi masa kyau ba, wannan kuɗi ne masu nauyi. Amma in gari yana da masu biya 1,000, kuma kowa ya biya, abin da za a tara tamma 700,000 ne, a cire ladan maigari da na sarki da doka ta tanada. Ajin makaranta guda na siminti kuwa yana cin miliyoyi. Ke nan lanho yana da nauyi a hannun mai biya, ba ya da auki a hannun mai karɓa.

To, daga ina komin ke samun sauran? Mafi yawa daga kasuwa. Kasuwar Baleyara, wadda ke ci ran Lahadi, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na yammacin ƙasa. Kowace saniya, kowane raƙumi ko rago da aka sayar akwai tikitinsa, haka rumfa da tashar mota. Bayan wannan sai tallafin gwamnati da na masu ba da agaji. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani sashe na ayyuka huɗu: ilimi, kiwon lafiya, ruwa da muhalli. Sai dai magadan gari sun sha kukan cewa an ba su aiki ba a ba su kuɗin yinsa ba. Mutumin ƙauye kuwa, da ya shekara bai ga an gyara rijiya ba, sai ya fara jan ƙafa wajen biya. Kuɗi su ƙara raguwa, aiki ya ƙara tsayawa, kowa yana ɗora laifi ga ɗan uwansa.

Dokar ta-ɓaci

Duk wannan lissafi yana tafiya ne in akwai kwanciyar hankali. Tun da rikicin arewacin Mali ya ɓarke a 2012, wutarsa ta riƙa tsallakowa cikin jahar Tilaberi. A watan Maris 2017 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a gundumomin kan iyaka, ciki har da Abala da Banibangu. Ran 10 ga Disamba 2019 aka kai hari sansanin soja na Inates, soja 71 suka rasu. Ran 9 ga Janairu 2020 aka sake kai wani a Shinagodar, inda aka rasa soja 89. A farkon wannan shekara dokar ta iso Filinge. Bayan kisan mutum 8 a Kure, wurin raƙuman dawa, ran 9 ga Agusta 2020, aka faɗaɗa ta zuwa Kollo da Baleyara, watau ta haɗa da Tabla.

Ya kamata mai karatu ya san yadda wannan doka take aiki kafin a rushe majalisa a 2023. Majalisar ministoci ke kafa ta, amma na kwana 15 kawai. In ana son ta wuce haka, sai an kai ta gaban ƴan majalisar dokoki, su ƙara mata wata 3. In wata 3 sun cika, a sake dawowa. Hikimar wannan tsari ita ce dokar ta-ɓaci tana ba jami'an tsaro iko mai yawa, kamar binciken gida dare ko rana, da hana zirga-zirga, da rufe kasuwa. Iko irin wannan bai kamata a bar shi ba mai tambaya ba. Kowane wata 3 dama ce ga wakilan jama'a su ce: me aka samu, me aka rasa, wane mataki ya kamata a sassauta?

Matakin da ya fi taɓa talaka shi ne hana hawa moto, wanda ya fara aiki a jahar Tilaberi a watan Janairu 2020, saboda bisa moto maharan ke zuwa. Hujjar a fili take. Amma a karkara moto ce motar ɗaukar mara lafiya, ita ke kai kayan lambu kasuwa, ita ce kuma sana'ar samarin da ke kabu-kabu. Da aka hana ta, mai naƙuda ta koma bisa amalanke, saurayi ya rasa abin yi. An sassauta hanin a 2021, bayan koke-koken jama'a da na wakilansu. Wannan ya nuna cewa dokar tsaro ma tana da farashi, kuma mutumin ƙauye ke biyansa.

Masu karɓa da bindiga

Akwai wani abu mafi muni. A garuruwa da rugage da yawa na arewacin jahar, ƴan bindiga sun riƙa zuwa suna ƙirga dabbobi, suna karɓar abin da suke kira zakka. Malamai sun san wannan ba zakka ba ce, ƙwace ne. Wanda ya ƙi biya, a kora garkensa ko a kashe shi. An kashe masu gari, an ƙona rumbuna, an rufe ɗaruruwan makarantu. Ran 15 ga Maris 2021 aka tare mutanen da ke komawa gida daga kasuwar Banibangu, gwamnati ta ce mutum 58 suka rasu. Dubban mutane sun bar garuruwansu, suka zo neman mafaka a Abala, Filinge, Baleyara da Walam.

A nan ne maganar haraji da maganar tsaro suka zama abu guda. Makiyayin da aka karɓe wa sa da ƙarfin bindiga, in maigari ya zo masa da takardar lanho, me zai ce? Abu na farko da mai biyan haraji ke saye da kuɗinsa shi ne ya kwana gidansa lafiya, ya je gona ya dawo. In kasuwa ba ta ci ba, komin ba ta da kuɗi. In komin ba ta da kuɗi, ba rijiya ba aji. Inda kuwa hukuma ta janye, wani ne zai shigo, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bambancin hukuma da ɗan fashi shi ne hukuma tana karɓa bisa doka, ta ba da takarda, kuma ana iya tambayarta lissafi.

Ƙofar gidan depite

Yanzu mu duba aikin wakili ga waɗanda suka zaɓe shi, kamar yadda yake kafin a rushe majalisa a 2023. Majalisar da aka zaɓa a 2020 tana da kujeru 171 bisa doka. Galibinsu ana cika su ne ta jerin sunayen da kowace jam'iyya ta tsayar ga jaha baki ɗaya, ban da kujeru 8 na mazaɓu na musamman da 5 na ƴan ƙasa mazauna waje. Watau Tabla ba ta da depite nata na kanta. Mutumin Tabla ya jefa wa jam'iyya ƙuri'a, aka raba kujerun jahar Tilaberi gwargwadon abin da kowace ta samu. Shi ya sa sau da yawa bai san takamaimai ƙofar da zai buga ba, sai ya nemi wanda ya fito daga yankinsu ko wanda suke da dangantaka.

Abin da ake kai wa depite kuwa, kowa ya sani: takardar magani, kuɗin mota, gudummawar suna ko biki, buhun hatsi lokacin bazara, neman aiki ga ɗa. Ba laifi ba ne mai hali ya taimaki mabuƙaci, al'adarmu ce. Amma wannan ba shi ne aikin da doka ta ba shi ba. Depite ba ya da kasafin gina makaranta. Abin da yake da shi shi ne murya da ƙuri'a. Yana iya yi wa minista tambaya a rubuce ko da baki, yana iya sa a kira shi gaban majalisa, yana iya neman a kafa kwamitin bincike.

Ga misali. Tun 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 za a duba su kyauta, gwamnati ta biya gidajen likita daga baya. Doka ce mai kyau, ta kuma ceci rayuka. Sai dai biyan ya riƙa jinkiri ƙwarai, har gidajen likita da yawa suka rasa kuɗin sayen magani, uwa ta kawo yaro a rubuta mata takarda ta je ta saya. Depite da ya biya wa mutum guda magani ya taimaki gida guda. Wanda ya tsaya a zaman kasafin kuɗi har aka biya bashin gidajen likita ya taimaki kowane gida, har da na waɗanda ba su san sunansa ba.

Inda muke yau

Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki, aka dakatar da tsarin mulkin 2010, majalisar dokoki ta rushe. Tun daga nan shugaban ƙasa ke sa hannu ga dokoki, har da ta kasafin kuɗi. A watan Oktoba 2023 aka kafa asusun haɗin kai don ceton ƙasa, wanda dokarsa ta farko ta aza tamma 10, watau dala 2, bisa kiran waya da tikitin mota, domin tallafa wa tsaro da waɗanda rikici ya raba da gidajensu. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun komin da na jahohi, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe su. A watan Satumba 2024 aka rage kuɗin jinya da rabi a gidajen likita na gwamnati. A watan Maris 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa, kana a watan Yuni aka buɗe majalisar shawara, wadda aikinta ba da shawara ne ga masu mulki.

Sunayen hukumomi sun sake, kamar yadda suka sake a 1960, 1974 da 2004. Amma bashin nan yana nan. Duk wanda ya rubuta dokar haraji, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, ya ɗauki alkawarin tsaro da na aiki. Yau da ba a yin muhawarar kasafi gaban zaɓaɓɓun wakilai, nauyin yin bayani ya ƙaru bisa ma'aikatan hukuma, bai ragu ba.

Saboda haka muna kira ga masu riƙe da komin da su liƙa lissafin shekara a ƙofar ofis da bakin kasuwa: ga abin da lanho ya kawo, ga na kasuwar dabbobi, ga inda aka kashe. A rubuta shi da Hausa da Zabarmanci da Tamajak, a karanta shi a rediyon gari domin waɗanda ba su yi karatu ba. Kundin 2010 ya riga ya ba mazaunin komin damar neman ganin kasafin kuɗinta, ba alfarma ba ce. Haka kuma duk matakin tsaro da ya taɓa abincin talaka, a zauna da sarakuna da masu gari da shugabannin makiyaya da na mata, a ji ta bakinsu, a kuma riƙa duba shi lokaci lokaci.

Ku kuma ƴan uwa da kuka yi yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi amfani. In kun biya lanho, ku karɓi resi, ku duba shekara da adadi da hatimi, ku adana shi tare da takardun gida. In kun sayar da dabba ran Lahadi a Baleyara, kada ku yarda da mai cewa ku ba da rabi a bar maganar tikiti, domin wannan rabin aljihunsa za shi, ba rijiyar garinku ba. Ku karanta wa maƙwabcin da bai iya ba. In kuma an kira taron gari, ku je da takardunku a hannu, ku yi tambaya cikin ladabi: mun biya, me aka yi da shi?